Kafin ka zuba kuɗinka a PS5 ko Xbox: yadda ake zaɓen injin gem a Zariya

Ranar Asabar ɗin da ta wuce ƙanina ya same ni a shago a Samaru, ko zama bai yi ba ya miƙo min waya, wai in kalli wani Bature yana ta kumfar baki cewa Xbox ta mutu an gama da ita, ya sake nuna min wani shi kuma yana rantsuwa Sony mai PS5 ce ke cutar mutane, sai ya ce "Yaya ni fa na rikice, kuɗina sun kusa cika, me zan saya?" Yaron nan wata tara yana tara kuɗin daga gyaran waya, na san abin da ya hana kansa kafin su taru, shi ya sa na ja masa benci na ce zauna, ba maganar tsaye ba ce. Abin da na faɗa masa shi zan faɗa maka, ni da nake riƙe da gidan gem tun zamanin PS2 da Winning Eleven.

Abu na farko, ajiye wayar nan tukuna. Masu wannan musun yawancinsu suna Amurka ne ko Ingila, wutarsu ba ta ɗaukewa, intanet ɗinsu ba a auna musu shi da giga, albashinsu da dala yake shigowa ko fam. Ba ƙarya suke yi ba, amma lissafinsu daban naka daban. Kai ɗauko takarda ka rubuta gem guda uku da ka san ko an tashe ka daga barci su za ka kunna. Uku kawai. In ka yi wa kanka gaskiya, a garin nan daga Kongo har Kwangila amsar ba ta wuce ƙwallo, sai GTA, sai Mortal Kombat ko Call of Duty, kuma duk waɗannan suna kan PlayStation suna kan Xbox, don haka rabin musun da ake yi bai ma shafe ka ba.

Inda bambanci yake fitowa shi ne in takardarka akwai God of War ko Spider-Man ko The Last of Us, to waɗannan na Sony ne, ba za ka same su a Xbox ba, sai dai a kwamfuta da aka kai wasu daga baya. In Mario ne ko Zelda to wajen Nintendo za ka, ba su taɓa ba kowa aro ba a injinan nan biyu. Shi kuwa ɓangaren Microsoft masu Xbox abin ya juya, tun 2024 suka fara kai nasu gem ɗin gidan kishiya, suka fara da guda huɗu ciki har da Sea of Thieves da Hi-Fi Rush, a Afrilun 2025 kuma Forza Horizon 5 ta sauka a PS5, wadda da can ita ce abin taƙamar duk mai Xbox. Wato mai PS5 yau yana cin nasa yana cin na maƙwabci, mai Xbox kuwa bai samu irin wannan ba sai kaɗan. Wannan ba son kai ba ne, haka abin yake a ƙasa.

Na biyu, kuma wallahi wannan ya fi duk wani lissafin ƙarfin inji muhimmanci: me abokanka suke da shi? Leƙa unguwarku, leƙa hostel in ɗalibi ne kai, ka ƙirga. A nan gem ba abin mutum ɗaya ba ne, aron faifai ake yi, musaya ake yi, ka gama naka ka kai Sabon Gari ka cika kuɗi kaɗan a ba ka wani, hannun gem ɗinka, wato fad, ya lalace ka aro na aboki a buga gasar dare. In ka sayi injin da kai kaɗai ke da shi a layinku ka zama bare, ba mai ara maka ba wanda za ka ara wa, ranar da ya samu matsala mai gyara zai ce maka kayansa sai an aiko daga Legas.

Kuma wannan maganar aron faifai ita ce ta raba gardamar tun asali, ba sabon abu ba ne. A 2013 da za a fito da Xbox One da PS4, Microsoft suka ce injinsu sai ya leƙa intanet sau ɗaya duk awa 24, kuma suka sa sharuɗɗa a kan sayar da faifan da aka yi amfani da shi, ga shi dala 499 saboda sun haɗa da kyamarar Kinect dole. Sony suka fito suka ce namu dala 399, faifanka naka ne ka ba wanda ka ga dama. Na tuna lokacin muna zaune a shago muna karanta labarin, wani yaro ya ce to mu da sabis ke ɗaukewa kwana biyu ya za mu yi? Microsoft sun janye maganar cikin 'yan kwanaki amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, PS4 ta je ta sayar da sama da miliyan 117, kuma shi kansa Phil Spencer da ke jan ragamar Xbox a lokacin ya amsa a 2023 cewa wancan zangon da suka faɗi shi ne mafi muni da za a faɗi, domin a lokacin ne mutane suka tara gem ɗinsu a akawun, kuma wanda ya tara ba ya son tashi. Mu nan dama tun PS1 da PS2 gidan Sony muke, PS2 ɗin nan ita ce injin da aka fi saya a tarihi, sama da miliyan 160, ba gidan gem ɗin da bai ci abinci da ita ba.

To yanzu maganar da ta fi cin mutane: mai faifai ko marar faifai. Da aka fito da su a Nuwamban 2020, PS5 mai faifai dala 499 ce, marar faifai 399, Xbox Series X 499, ƙaramar Series S kuma 299 kuma ita ko ramin faifan babu. Ido yana ganin 299 sai rai ya biya, na sani. Amma zauna ka lissafa. Marar faifai ma'anarta duk gem sai ka sauke shi ta intanet, kuma gem ɗin yanzu ba wasa ba ne, na ƙwallo ma gomman giga yake ci, Call of Duty yana wuce giga 100, ga sabuntawa da ke zuwa kusan kowane wata ita ma da nata cin. Series S ta farko an rubuta giga 512 amma abin da za ka iya amfani da shi bai kai 400 ba, ka sa manyan gem uku huɗu ta cika, sai ka goge ɗaya, ranar da ka yi marmarinsa ka sake sayen data ka sake saukewa, ka kwana kana kallon layin nan yana rarrafe da tsakar dare kana addu'a kar wuta ta ɗauke. Kuma ba za ka iya sayar da gem ɗin da ka gama ba, ya zauna a akawun ɗinka har abada. Araha ba ta ado. In kana da intanet mai ƙarfi marar iyaka a gida, to Series S da Game Pass abu ne mai kyau ƙwarai, ɗaruruwan gem da kuɗin wata, ba zan ɓoye maka alherinta ba, sai dai ka sani kuɗin watan ba ya tsayawa wuri ɗaya, a Oktoban 2025 suka ɗaga babban tsarin zuwa dala 29.99 a wata, ka buga wannan da farashin dala sau goma sha biyu ka ga abin da zai ba ka. In da data ta waya kake lallaɓawa kamar yawancinmu, ɗan'uwa sayi mai faifai ka huta. Shi ma faifan wani lokaci yana neman sabuntawa, amma yawancin gem za ka buga ba tare da ita ba.

Hattara da PS5 Pro da ta fito a Nuwamban 2024 a kan dala 699, ita ma ba ta zuwa da gidan faifai, daban ake sayensa, kuma ranar farko sai an haɗa shi da intanet kafin ya yi aiki. In tibin ka ba babba ba ce mai 4K, bambancin da za ka biya wa kuɗin nan ba za ka ma gan shi ba.

Sai akawun. Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da ake zaɓa wajen buɗe akawun na PlayStation, shi ya sa kowa yake zaɓar Amurka ko Ingila. Abin da za ka riƙe shi ne ƙasar da ka zaɓa ba ta canzuwa daga baya, kuma katin kuɗin da za ka saya ka loda sai na wannan ƙasar, katin Ingila ba ya shiga akawun ɗin Amurka, na ga yara da yawa sun yi wannan kuskuren suna zagaye da lambar kati a hannu suna neman wanda zai saya a faɗuwa. Buɗe da imel ɗinka na kanka, da hannunka, ka rubuta lambar sirrin a littafi, ka kunna tsaro mai mataki biyu. Kar ka bari mai shago ya buɗe maka da nasa imel ɗin don sauƙi. Kuma buga gem da mutane ta intanet a PS4 da PS5 yana buƙatar PS Plus, wato rajistar da ake biya wa Sony kuɗi, sai dai irin na kyauta kamar eFootball da Fortnite da Warzone, waɗannan ba sa buƙata.

Akwai wani abu da ya same ni da har yau in na tuna raina yana ɓaci. Wani mai sayarwa da aka haɗa ni da shi ta waya ya ce zai sa min sabon gem ɗin ƙwallo a injina uku a kan kuɗin da bai kai rabin na faifai ɗaya ba, ta hanyar akawun ɗinsa. Na biya, ya sa, muka yi wata biyu lafiya lau. Wata Juma'a da yamma shago cike, an haɗa gasa yara sun zuba kuɗinsu, na kunna sai ga ɗan kwaɗo a jikin hoton gem ɗin, duka ukun, na danna ya ƙi buɗewa. Ya sayar wa wasu akawun ɗin ya cire nawa injinan, na kira lambar a kashe. Haka na mayar wa yara kuɗinsu ɗaya bayan ɗaya suna fita. Duk wanda ya ce zai loda maka gem da akawun ɗin da ba naka ba, ka sani haya ka kama kuma mai gidan zai iya korarka ko da tsakar dare ne.

Yanzu wuta, wadda babu Baturen YouTube ɗin da zai yi maka maganarta. PS5 tana jan wajen wat 200 in ana buga babban gem, ban da tibi, Series S kuwa ba ta kai rabin haka ba, kuma wannan ita ce babbar falalarta ga mai ƙaramar sola ko inbata. Lissafa batirinka kafin ka saya, kar ka kawo inji gida ya riƙa shanye wutar da iyali ke kunna fanka da ita, kuma in da janareta za ka dogara ka san yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Alhamdu lillahi injinan yanzu suna karɓar wuta daga 100 zuwa 240, ba irin PS2 da Xbox 360 na Amurka da muke nema wa taransifoma ba, da yawa sun ƙone a hannun waɗanda suka manta. Amma wannan bai kare ka daga wutar da ke zuwa da ƙarfi ba. A wata damina bayan an sha ruwan dare aka dawo da wuta da asuba, na bar PS4 biyu a jone, da na buɗe shago da safe ƙauri ne ya fara tarbata. Tun ranar ba inji a wajena da ke shiga bango kai tsaye. Sa kuɗin sitabilaiza mai jinkirta wuta a cikin kuɗin injin tun farko, in da hali ka ƙara da ƙaramin UPS ko da minti biyar zai riƙe maka ka kashe da kyau, domin ɗaukewar wuta ana tsaka da ajiye wasa tana lalata ma'ajiyar. Kar ka bar shi a yanayin barcin nan mai fitila ruwan lemo, kashe shi gaba ɗaya ka zare.

Ƙura kuma ka san Zariya da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu ko ɗaki a rufe yake sai ka rubuta sunanka a kan teburi, daga nan a faɗa zafin Maris da Afrilu. Kar ka ajiye inji a ƙasa a kan kafet, kar ka kulle shi a cikin kabad, ɗora shi a sama inda iska ke wucewa, in ka kashe ya huce ka rufe da kyalle. Duk bayan hunturu a buɗe a share fanka. In ka ji PS4 tana ƙara kamar jirgin kwalejin Palladan zai tashi, ƙura ce ta toshe ta, ba mutuwa za ta yi ba. PS5 kuwa kar ka ba kowane mai gyara ya buɗe cikinta can ƙasa, akwai wani ruwan ƙarfe da ke sanyaya ta, in ya zube a kan allon an gama.

Ranar saye ka tafi da wanda ya sani, ka tafi da faifanka, kuma kar ka yi sauri ko da a Kano ne kana tsoron dare ya yi maka a hanya. In na hannu ne, duba kusoshin baya ko an taɓa kwancewa, girgiza wayar HDMI a hankali ka ga ko hoto zai ɗauke don wannan ramin yana yawan lalacewa, sa faifai ka ji yadda yake ja da yadda yake fitarwa, kunna babban gem ka bar shi ya yi rabin awa ka ga ko zai yi zafi ya mutu. Hannu kuma, wato fad, ka shiga gem ka sake shi kar ka taɓa komai, in ka ga ɗan wasa yana tafiya shi kaɗai to sandar ta fara ja, a canza maka, kuma na jabu sun cika kasuwa musamman na PS4, za ka ji shi shafal ba nauyi. Abu mafi muhimmanci, kunna masa intanet daga wayarka ka shiga akawun ɗinka a gaban mai kayan, domin akwai injinan da kamfani ya toshe gaba ɗaya, ba za su ƙara shiga intanet ba har abada kuma ba a gani a jiki. In ya ce maka "Oga ai ba sai an gwada ba, kaya lafiya lau ne", ka ce masa maigida gani ya kori ji. A rubuta maka rasit da lambar jikin injin, saboda kayan sata suna yawo. Wanda aka yi wa kutse aka cika shi da gem kuwa, ka sani ba ruwansa da intanet kuma sabbin gem ba lallai su hau ba.

Ga wanda kuɗinsa bai kai ba, kar kunya ta hana ka sayen PS4 mai kyau. FC 26 ta ƙwallo ta fito a kanta a 2025, Mortal Kombat 11 da GTA V da God of War duk suna nan, kuma faifan da ka tara kusan duka za su yi aiki a PS5 ranar da Allah ya hore. Sai dai ka san iyakarta, a FC mai PS4 ba ya haɗuwa da mai PS5 ta intanet sai in shi ma ya kunna na PS4 ɗin, Mortal Kombat 1 ba ta hau ba, GTA VI ma ba za ta hau ba.

Saura labarai, yadda za ka riƙa jinsu ba tare da sun ɗaga maka hankali ba. Duk labarin da ka gani ka tambayi kanka, kamfanin ne ya faɗa da bakinsa ko wani ne ya ce an ce? Sannan ya taɓa gem ukun nan na takardata ko aljihuna? Lokacin da Microsoft suka sanar za su sayi Activision, kamfanin da ke yin Call of Duty, a Janairun 2022 a kan dala biliyan 68.7, yara sun zo min a firgice wai za a cire Call of Duty daga PlayStation, har wani ya sayar da PS4 ɗinsa a kan wannan, ƙarshe a Yulin 2023 aka sa hannu a yarjejeniyar shekara goma gem ɗin ya zauna inda yake. In ka ga ana jera alƙaluman wa ya fi sayarwa, na Sony da Nintendo daga bakinsu suke fitowa, PS5 ta haura miliyan 80 a 2025, amma Microsoft sun daina faɗin nasu tun 2015, duk lambar da ka gani kiyasi ne. Kuma kar ka biya kuɗin gem tun bai fito ba komai daɗin tallarsa, Concord ta Sony ta fito a Agustan 2024, sati biyu aka rufe ta aka mayar wa mutane kuɗi, kai da ka sayi kati a hannun wani da naira wa zai mayar maka da naka yadda ka ba da? GTA VI da kowa ke jira an ce 2025, aka mayar 26 ga Mayun 2026, aka sake mayarwa 19 ga Nuwamban 2026, don haka kar ka ci bashi saboda ranar da aka sa.

Labarin da ya kamata ka bi da gaske shi ne na farashi. Da can inji in ya shekara uku huɗu sauka yake yi, wannan zangon hawa yake, a 2025 Microsoft sun ƙara kuɗin Xbox sau biyu a Amurka, Sony ma suka ƙara dala 50 a Agusta, Switch 2 ta Nintendo ta fito ranar 5 ga Yuni a kan dala 449.99, wani gem ɗinta kuma har dala 80, mu kuma ga namu ciwon na daban tun da dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Wanda ya ce maka jira zai sauko, tambaye shi yaushe.

Shi ƙanin nawa takardarsa ƙwallo ce da GTA da Spider-Man, abokansa huɗu duk 'yan PlayStation ne, datarsa ta waya ce, gidanmu kuma ƙaramar sola ce. Na ce masa PS5 mai faifai ta hannu, hannu biyu, sitabilaiza, kuma a ƙara batir ɗaya kafin a kawo ta. Ya lissafa ya ce saura wata biyu kenan, na ce to a yi wata biyun, ranar da suka cika ni zan rufe shago in raka shi da faifaina a aljihu.